Sana'ar Girka Fotakabin da Gidajen Haɗi: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne waɗanda suke yawan fitowa daga masu son shiga sana'ar, da masu walda da kafintocin da aiki ya kai su ga fotakabin (ɗakin da ake ƙerawa a masana'anta a kawo fili a girka), da kuma masu saye da ke son sanin abin da za su sa wa ido ranar da aka kawo kaya. Na farko-farko na sabon shiga ne, na ƙasa kuma na wanda ya riga ya fara riƙe sifana.

Tunda an riga an ƙera ginin a masana'anta, mene ne ya rage wa mai girkawa?

Masana'anta tana ƙera ɗaki, amma ba ta taɓa ganin filin da zai zauna ba. Duk abin da ya haɗa ɗakin da ƙasa, da iska, da ruwan sama, da wuta, da famfo, a wuyan mai girkawa yake. Shi zai duba fili, ya zuba ƙafafun kankare, ya tsaya a kan saukewa, ya daidaita ɗakin kada ya karkace, ya ɗaure shi da ƙasa, ya toshe gaɓoɓi, sannan ya tsaya masu lantarki da masu famfo su haɗa nasu.

Yawancin ƙorafin da ake ɗora wa kamfani daga nan yake tasowa. Ƙofar da ta ƙi rufuwa, silin mai ɗiga, dabe mai ƙara idan an taka, idan ka bi sawunsu za ka tarar ƙafa ɗaya ce ta nutse, ko kuma an girka ɗakin a karkace tun ranar farko.

Wane irin gine-gine ne ake girkawa haka?

Huɗu ne aka fi cin karo da su. Na farko kwantenar jirgin ruwa da aka mayar ofis ko shago. Mai ƙafa 20 tsawonta mita 6.06, faɗi 2.44, tsayi 2.59, kuma fankonta ya ɗan haura tan biyu. Mai ƙafa 40 tsawonta mita 12.19, nauyinta ya kusa tan huɗu. Akwai mai dogon tsayi da ta kai mita 2.90, ita ta fi daɗin zama domin bayan an sa silin ana samun sarari a sama.

Na biyu ɗakin haɗi, wanda ke zuwa a kwance: dabe da rufi a kife, ginshiƙai da bangaye a tsakaninsu, guda huɗu a ɗaure suna cin gurbin kwantena ɗaya mai ƙafa 20. Yawancinsu daga Sin da Turkiyya ake shigo da su. Na uku ginin firam ɗin ƙarfe da ake haɗawa a fili a lulluɓe shi da fanel (kwano biyu da abin hana zafi a tsakiya), irin ajujuwa, asibitocin sansani, da ɗakunan kwanan ma'aikatan hanya. Duk waɗannan mutane kan kira su fotakabin, sunan da ya samo asali daga kamfanin Portakabin na birnin York a Ingila. Na huɗu shi ne gidan tafi-da-gidanka irin na Amurka, wanda ake ginawa a kan shasi mai tayoyi, yana da tambayarsa daban can ƙasa.

Me ya kamata in iya kafin in shiga, kuma sai da takarda?

Mai walda da kafintan rufi su suka fi saurin kama aikin, domin rabinsa ƙarfe ne da kwano. Abin da yawanci ba su zo da shi ba shi ne karanta zane da aiki da milimita. Zanen masana'anta ba ya magana da inci ko taku. Idan ya ce 2,990, to 2,990 yake nufi, wanda ya mayar da shi mita uku zai ga ramin noti ya kauce masa da santimita guda.

Hanyar da aka fi bi ita ce zama ƙarƙashin oga har a ga hannunka ya faɗa. Takarda kuwa ba a tambayarta a ƙaramin aiki, amma manyan 'yan kwangila da ƙungiyoyin agaji suna nema. A Najeriya akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai mataki uku, akwai jarrabawar NABTEB, akwai horon ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, da tsarin shaidar ƙwarewa da NBTE, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, ke kula da shi. Wayarin sai mai shaidar NEMSA, hukumar duba ingancin aikin lantarki, lissafin ginin bene kuma aikin injiniya ne mai rajista da COREN, majalisar kula da aikin injiniya, komai gogewarka kada ka karɓe masa.

Waɗanne kayan aiki ne ba makawa?

Tef ɗin awo mai mita 5 da mai mita 30, igiyar magina, lebul mai tsawon mita ɗaya ko fiye, siririn tiyo mai haske na auna ruwa wajen mita 15, jak guda biyu masu ɗaukar tan biyar ko sama, sifanu da soket, injin huda mai batir wanda ake iya rage masa ƙarfin juyi, bindigar rifit, bindigar silikon, almakashin kwano, da injin walda. A haɗa da guntayen farantin ƙarfe masu kauri daban-daban, milimita 2, 3, 5 da 10, domin cike giɓi. Wanda ya je fili babu su zai ƙare da tura katako ko fasasshen bulo ƙarƙashin ɗaki, katakon gara ta cinye, bulon ya murƙushe.

Me ake dubawa a fili kafin a ba da farashi?

Fara da hanya, ba da filin ba. Tirela mai ɗauke da kwantena tsayinta yana kaiwa wajen mita huɗu, don haka a bi hanyar da ƙafa ko da babur a duba wayoyin da suka ratsa titi, rassan bishiya, faɗin get, lanƙwasar lungu, da kwalbatin da ba zai ɗauki nauyi ba. Sau da yawa kaya sukan iso unguwa lafiya, mita hamsin na ƙarshe su gagara.

A filin kuma a duba inda ruwa ke bi da damina. Da rani ko'ina fili ne, sai ka tambayi maƙwabta, ka kuma duba alamar zaizaya da layin danshi a jikin katangu. A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a ga ƙasar: jigawa ce, marmara ce, laka ce, ko tsohon kududdufi ne da aka cike da shara. A nemi inda sokawe da rijiya da bututun ruwa suke, domin ƙafar motar kuren, wato motar ɗaga kaya, idan ta hau kan murfin sokawe, ita da kayan duka za su tafi.

Wane irin harsashi ake yi, kuma siminti nawa yake ci?

Ɗaki ɗaya mai ƙafa 20, marar bene, a ƙasa mai ƙarfi, ƙafafun kankare sun wadatar. Kwantenar da ba a yanke ta ba nauyinta a kusurwa huɗu yake sauka, ƙafa huɗu sun isa. Ɗakin haɗi firam ɗinsa bai kai nata ƙarfi ba, yana son shida: huɗu a kusurwa, biyu a tsakiyar dogayen ɓangarorin. Idan zanen masana'anta ya nuna wani abu daban, zanen za a bi.

Girman da aka saba shi ne santimita 60 a 60, kauri 30, a kan ƙasar da aka kankare samanta har aka kai mai tauri, aka daddaɓe. Ƙafa shida haka kankarensu ya kai kashi biyu cikin uku na kubik mita. A haɗin 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, za a ci buhu huɗu zuwa biyar. A sa ragar rodi mai milimita 10 ko 12, a kuma binne farantin ƙarfe ko noti mai lanƙwasa tun kankaren yana ɗanye, domin da shi za a ɗaure ɗakin (duba tambayar iska). A ɗaga saman ƙafafun ta yadda ƙasan ɗakin zai bar ƙasa da santimita 20 zuwa 30, iska ta riƙa ratsawa, ruwa ya wuce, a kuma iya leƙawa.

Sai haƙuri. A yi ta ba kankaren ruwa kwana bakwai kafin a ɗora masa kaya. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Mai aiki zai matsa ya ce kayansa na kan mota ana cajinsa kuɗin kwana. Maganin wannan shi ne a zuba ƙafafun tun kafin motar ta taso, ba a ɗora tan biyu a kan kankaren jiya ba.

Idan ƙasar laka ce ko cikakken wuri fa?

Baƙar lakar nan da ake samu a yankin tafkin Chadi, wajen Dikwa da Gamboru Ngala, da wasu sassan Adamawa da Gombe, tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage da rani. Ƙafar da aka zuba a samanta za ta riƙa hawa da sauka da yanayi, kuma ba tare za su motsa ba, domin gefen ɗaki ya fi ƙarƙashinsa jiƙewa da bushewa. A irin wannan wuri ana zurfafa ƙafafun, a kwashe lakar a maye gurbinta da jar ƙasa ko marmara ana daddaɓewa hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, ko kuma a zuba dabe guda mai rodi. Wannan shawarar injiniya ce, a sa kuɗinsa a farashi. Wurin da aka cike da shara kuwa, sai an ratsa cikon an taɓa ƙasar asali.

Yaya ake tabbatar da ɗaki ya zauna daidai?

Abu biyu ne: sikwaya da lebul. Sikwaya ana fitar da ita da awon 3, 4, 5: mita uku a igiya ɗaya, huɗu a ɗayar, tsakanin alamomin biyu ya ba da biyar. Sannan a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ɓangarorin biyu. Ga kwantena mai ƙafa 20 awon nan mita 6.53 ne, kuma dole biyun su zo ɗaya. Bambancin da ya wuce milimita biyar a gyara shi tun igiya ce, kafin ya zama kankare.

Lebul kuwa, ƙaramin lebul na hannu ba ya faɗin gaskiya a tsawon mita shida. Tiyon ruwa ya fi shi: a cika shi, a fitar da duk kumfar iska, a kafa alama ɗaya a turke, daga ita a auna saman kowace ƙafa. A kula kada rabin tiyon ya kwanta a rana rabi a inuwa, domin ruwan da ya yi zafi yana ɗan tashi ya ba da awon ƙarya. Bayan an sauke ɗakin a sake aunawa a kan firam ɗin kansa, a ɗaga da jak, a cike da farantin ƙarfe har kowace ƙafa ta ɗauki rabonta. Gwaji mai sauƙi: buga farantin da guduma; idan ya motsa, ƙafar nan hutu take yi, sauran ne ke ɗauke da kayanta.

Ƙofa ita ce shaidar farko. Idan ta fara gogar firam ta sama ko ta ƙasa, kada a kai mata giranda. Ɗakin ne ya murɗe, a koma ƙarƙashi. Wanda ya sassaƙe ƙofa ya ɓoye alamar kawai, kuma ranar da aka daidaita ɗakin zai bar giɓin da ƙura za ta riƙa shiga.

Me ya kamata a sani game da saukewa da kuren?

Lambar da aka rubuta a jikin kuren ƙarfinsa ne idan kaya na dab da shi. Hayab (babbar mota mai kuren a jikinta) da ke ɗaga tan biyar a kusa zai iya kasa tan biyu idan ya miƙe hannu, don haka a duba jadawalin nauyi da ke jikin motar a kan nisan da za a ajiye kayan. Ƙafafun motar su fita duka, a kan katakai masu kauri.

Kwanciyar sarƙa ma lissafi ce. Idan sarƙa ta tashi da digiri 60 daga saman ɗakin, nauyin da ke kanta ya ƙaru da wajen kashi 15 cikin ɗari. Idan ta kwanta zuwa digiri 30 ya ninka, tana kuma matse rufin ta ciki. Gajeriyar sarƙa ke lanƙwasa rufin fotakabin. Kwantena mai ƙafa 40 da aka yanke, ko mai kaya a ciki, a ɗaga ta da sandar rarraba nauyi ko ta kusurwoyin ƙasa. Mutum ɗaya tak ke ba direba alama. A ɗaura igiya biyu a kusurwa ana jan kayan daga nesa, kada kowa ya sa hannu tsakanin ɗaki da kankare. Wayar babban layi mai 11kV ko 33kV kuma ba sai an taɓa ta take kamawa ba. A bar mata mita shida, in ba zai yiwu ba a nemi kamfanin wuta ya kashe layin.

Ɗakin yana da nauyi, dole ne sai an ɗaure shi da ƙasa?

Dole ne. Iskar da ke gudun kilomita 108 a awa tana tura kowace murabba'in mita da nauyin wajen kilo 55. Dogon bangon ɗaki mai ƙafa 20 ya kusa murabba'in mita 16, ga kuma tsotson da iskar ke yi ta baya da ta sama, jimla ya kai tan guda. Ƙarfin kuma ba ƙaruwa yake a hankali ba: idan gudun iska ya ninka, turinta ya ninka sau huɗu. Guguwar farkon damina, wadda ke yaye kwanon makarantu duk shekara, ita ce jarrabawar.

Ana walda kusurwar ɗakin da farantin da aka binne, ko a ɗaure da ƙarfe mai kusurwa da noti mai milimita 16 idan ana sa ran ɗauke ɗakin wata rana. Ɗaurin kuma sarƙa ce: kwano da falan (sandunan da ake kafa kwanon a kansu), falan da firam, firam da kankare. Inda aka fi sakaci shi ne rumfar da aka ƙara daga baya (duba tambayar zafi), domin iska na shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta kamar faifai.

Wane fanel ya fi, kuma me ya bambanta su?

Fanel kwano biyu ne, kowanne kaurinsa milimita 0.4 zuwa 0.5, da abin hana zafi a tsakiya mai kauri 50, 75 ko 100. Mafi araha shi ne mai farin soso, irin wanda ake samu a kwalin talabijin; ba nauyi, amma wuta na narkar da shi ya ci da baƙin hayaƙi. Mai soson firji, wato mai launin rawaya, ya fi kowanne tare zafi a kauri ɗaya, shi ake sa wa ɗakin sanyi. Mai audugar dutse ba ya cin wuta, yana kuma tare ƙara, sai dai nauyi, kuma idan ruwa ya shige shi ya lalace. Kicin, ɗakin janareta da ɗakin kwanan mutane da yawa, audugar dutse ta dace da su. A bincika kaurin kwanon da ma'auni lokacin karɓar kaya, domin a nan ake rage wa mai saye.

Me ya sa ake hana yanka fanel da giranda?

Tartsatsin giranda yana ƙona fenti da rufin da ke hana tsatsa a bakin yankan, yana faɗawa kan fanel ya manne, kuma yana iya kunna soson ciki ya riƙa ci a ɓoye. A yi amfani da zarto mai haƙoran yankan ƙarfe ko injin cizon kwano. Bayan huda a share garin ƙarfen ranar. Idan ya kwana ya sha raɓa, gobe za a ga ɗigon tsatsa ko'ina a sabon rufi. Ledar da ke manne a jikin fanel a ɓare ta da an gama kafawa, domin idan rana ta gasa ta makonni ba ta fita sai da kankara.

Sukurun rufi yana zuwa da washa ta roba. A ɗaure har robar ta ɗan baje ta leƙo kaɗan, a tsaya. Wanda aka matse fiye da kima yana tsaga robar ya lotsa kwanon ya zama ɗan tafki. Wanda aka shigar a karkace gefe ɗaya ne kawai ya toshe.

Daga ina yoyo ke fitowa, musamman inda aka haɗa ɗaki biyu?

Da wuya ruwa ya shiga ta tsakiyar kwano. Gaɓoɓi ne: mahaɗar ɗaki biyu, saman taga, ramin bututun na'urar sanyi, da sukurun da aka ambata a sama. A mahaɗa ana fara jawo ɗakunan su daidaita a lebul ɗaya, a ɗaure su da noti sama da ƙasa, a tura robar toshiya a tsakani, sannan a kifa kwano mai lanƙwasa a kai wanda ya rufe kowane gefe. Silikon mataimaki ne, ba shi ne rufin ba. Ƙarfe mai mita 12 yana miƙewa wajen milimita shida idan zafinsa ya tashi da digiri 40, kullum yana shiga yana fita, gaɓar da silikon kaɗai ya riƙe sai ta buɗe. A zaɓi silikon marar warin tsami, domin mai tsamin yana cin kwano.

Ɗakunan haɗi da yawa ruwan rufinsu ta cikin ginshiƙan kusurwa yake sauka a siririn bututu. Ƙurar hunturu da ganye da leda suna toshe shi, ruwan farko ya taru a rufi ya malalo ta silin. A wanke su kafin damina. Kafin miƙa aiki kuma a hau da tiyo a yi wa kowace gaɓa ruwa na minti goma, mutum ɗaya yana ciki yana kallo, a fara daga ƙasa a yi sama domin a gane ainihin inda ya shiga.

Zan iya yanke bangon kwantena yadda nake so?

A'a. Bangon nan mai tudu da kwari shi ne ke riƙe da tsawon kwantenar, kamar bim. Duk inda aka yanke ƙofa ko taga a zagaye shi da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, misali 50 a 50 mai kaurin milimita 3, a yi masa walda. Idan za a cire bango gaba ɗaya, a tokare rufin kafin yanka, a sa bim da ginshiƙai bisa lissafin injiniya, a ƙara ƙafar kankare a tsakiya. Ginshiƙan kusurwa ba a taɓa su. Rufinta kuma siriri ne, ba a ɗora masa tankin ruwa. Lita 1,000 tan guda ne, a yi masa hasumiyarsa. Daben katakonta an sa masa maganin ƙwari, kuma ba ka san me ta ɗauko a baya ba, don haka idan wurin kwana ne a shafe shi a rufe, ko a canza.

Yaya ake rage zafi a ciki?

A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, kwantenar da ba a yi wa komai ba tanda ce. Mafi amfani shi ne rumfar kwano a sama da rufin, da giɓin santimita 30 zuwa 50 a buɗe ta gefuna, ta kuma zarce bangon ta yi masa inuwa. Sai farin fenti, sai juya ɗakin ta yadda gajerun bangayen ne ke kallon gabas da yamma. Bayan waɗannan ne abin hana zafi na ciki zai yi aikinsa, na'urar sanyi mai doki ɗaya da rabi ta ishi ɗaki mai ƙafa 20. Wanda ya tsallake rumfa ya sayi babbar na'ura, a kuɗin mai zai biya.

Wuta da famfo fa, akwai abin da ya bambanta da ginin bulo?

Babban bambanci shi ne ɗakin duka ƙarfe ne. Waya ɗaya ta goge ta taɓa firam, bango da ƙofa da matakala duk sun ɗauki wuta. Saboda haka kowane ɗaki a haɗa firam ɗinsa da wayar ƙasa mai kore da rawaya, ɗakunan da ke jere a haɗa su da juna, a kai sandar tagulla da aka kafa a ƙasa. A busasshiyar ƙasa sanda ɗaya ba ta cika isa ba, a ƙara, a raba su da tazarar tsawonsu, a auna da mita. Gishirin da ake zubawa yana taimakawa na ɗan lokaci, yana kuma cin sandar. A sa makashin da ke yanke wuta idan ta zurare, mai 30mA. Duk inda waya ta ratsa kwano a sa mata zoben roba, kuma a bi da ita cikin bututu, domin farin soso idan ya daɗe manne da rigar waya yana busar da ita ta tsage. Fitilu waya 1.5, soket 2.5, na'urar sanyi da hita layinsu daban.

Bututun bayan gida mai inci huɗu a ba shi gangaren santimita biyu da rabi a kowace mita, a rataye shi da maƙalai, a fitar da bututun numfashi sama da rufi. Ruwan na'urar sanyi kada ya ɗiga gindin ƙafar kankare. Ɗigon nan na kullum shi ke tausasa ƙasa ƙafa ɗaya ta nutse.

Sai an nemi izini, ko da ɗakin na wucin gadi ne?

A birane, e. Hukumomin tsara birane, KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, da sashen kula da gine-gine na Abuja duk suna ɗaukar kwantena a matsayin gini, kuma wadda aka ajiye a gefen titi, kan magudanar ruwa ko ƙarƙashin babban layin wuta tana cikin abin da ake kwashewa. Neman izinin na mai fili ne, amma ka gani da idonka kafin ka zuba kankare.

Yaya aikin yake a Amurka, inda gidajen tafi-da-gidanka suka yi yawa?

Can gida ne sosai, mai ɗakunan kwana da kicin, ana jawo shi a kan shasinsa, ɓari ɗaya ko ɓari biyu da ake haɗewa a fili. Tun 15 ga Yuni 1976 ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ke tsara yadda ake ƙera su, kuma bayan guguwar Andrew ta 1992 aka tsaurara dokar iska a 1994, aka raba ƙasar shiyya uku. Ana ɗora shasin a kan ginshiƙan bulo ko na ƙarfe, a shimfiɗa leda a ƙasa don danshi, a gangarar da ƙasar gefe rabin inci a kowace ƙafa har ƙafa goma, a murɗa turakun ƙarfe cikin ƙasa a ɗaure shasin da su da bel ɗin ƙarfe.

Lasisi ake nema. Jihohi da yawa suna da nasu tsarin. Inda babu, HUD ke bayarwa, kuma cikin sharuɗɗanta akwai gogewar awa 1,800 a girkawa ko makamancinta, horon awa 12, da inshora ko jingina, a sabunta bayan shekara uku. Gogewar fotakabin tana taimakawa wajen lebul da ɗauri, amma ba ta maye gurbin lasisin.

Wane haɗari ne ya fi kama ma'aikata?

Faɗowa daga rufi, matsewar hannu ko ƙafa lokacin saukewa, yankan bakin kwano, da shiga ƙarƙashin ɗakin da jak kaɗai ke riƙe da shi. Jak na ɗagawa ne. Kafin kowa ya sa kai a tara katakai masu kauri su karɓi nauyin. Fanel kuma ba a ɗaukarsa a rufi idan iska ta taso. Waldar ƙarfen da aka yi wa rufin zinki tana fitar da farin hayaƙi mai kawo zazzaɓi da ciwon jiki da dare. Gwangwanin madarar da ake sha bayan aiki ba ya kare huhu. A goge rufin a wurin waldar, a yi ta a sarari, a sa takunkumin da ya dace. Mai kamfani a Najeriya kuma dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora masa biyan kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansa ga NSITF, asusun inshorar ma'aikata.

Yaya ake yanke farashi kada a yi asara?

Yaran aiki kuɗin yini ake ba su, oga kuma jinga yake karɓa a kan kowane ɗaki ko kowace murabba'in mita. A rubuta a takarda wa zai biya kuren, wa zai kawo ruwa da janareta, wa zai ɗauki kuɗin kwanan mota idan fili bai shirya ba. A ƙirga kaya da takardar masana'anta a gaban mai aiki ranar da aka buɗe, a ɗauki hoton duk fanel ɗin da ya lotse, in ba haka ba kai za a ce ka lotsa. Buhun noti da robar toshiya su suka fi ɓata a hanya. Kuɗin kafin alƙalami ya ishi siminti, ƙarfe da sufuri; cikon a raba shi, wani bayan saukewa, wani bayan gwajin ruwa.

Bayan an miƙa makulli, aiki ya ƙare?

Saura zuwa ɗaya, kuma gara a sa shi cikin farashi tun farko. Bayan damina ta farko ƙasa ta gama zama, sai a dawo da tiyon ruwa a sake auna kusurwoyi, a ƙara faranti inda ya sauka, a bi notocin ɗauri da sifana, a duba silikon na tagogi, a taɓa fenti inda tsatsa ta fara, musamman wuraren walda da ƙasan firam. A leƙa ƙarƙashi da tocila: hanyar gara a jikin kankare, ruwan da ya kwanta, ko tarkacen da masu ɗakin suka cusa suka toshe iska. A bar wa mai ɗakin zanen da ke nuna inda waya da bututu suka bi, da awon kowace kusurwa na ranar miƙawa, domin duk wanda ya zo gyara daga baya ya san daga inda zai fara aunawa.